Yadda ake tsara tukuicin da zai sa yaran shago su riƙe aiki da gaske

Shekarar da na fara ba yarana tukuici a kan kowace riga, ji na yi kamar na tsinci dami a kala. Kekunan ɗinki shida gare ni a shago a nan Garwa ta Kamaru. Azumi ya kai rabi, ya kuma faɗo cikin zafin Afrilu, shadda ta taru har ta tokare taga, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa. Sai na tara su bayan buɗa-baki na ce, daga yau duk wanda ya haɗa riga da wando yana da dala ɗari, wato sefa 500, ban da abin da na saba ba shi. Kafin kwana uku kekunan nan sun daina hutawa.

Kwana biyu da salla aka fara dawo da kaya. Wannan aljihu a karkace, wancan kalmasa ta warware. Wani dattijo ya shigo da rigarsa a ninke, ya shimfiɗa ta a kan teburin yanka, ya haɗa hannuwan biyu, ɗaya ya zarce ɗaya da faɗin yatsa biyu. Ko murya bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, wannan hannun na wa ka auna? Nawa dai Allah ya yi su daidai."

Na so in huce a kan yaran, amma da na zauna na duba, ba su cuce ni ba. Sauri na saya, sauri suka sayar mini. Tukuici yana tura mutum, wannan ba musu, sai dai inda aka ajiye shi can mutum zai nufa, ko da ba nan maigida yake so a je ba. Abin da ke biye shi ne tsarin da na dawo kai bayan wannan kunyar. Misalan na shagon ɗinki ne, amma mai gona, mai babura da mai gidan abinci duk za su ga inda ya taɓa su.

Mataki na ɗaya: sauke haƙƙi kafin ka yi maganar ƙari

Ladan aiki daban, tukuici daban. Na farko bashi ne a wuyanka, na biyu ƙari ne. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito kowa ya san shi: a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Yaron da yake bin ka kuɗin mako biyu, in ka ce masa akwai kyauta ga wanda ya fi ƙoƙari, dariya zai yi maka a cikinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 1959 wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon hira da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Abin da suka tarar shi ne, abubuwan da ke sa mutum ƙin aikinsa ba su ne ke sa shi son aikin ba. Albashin da bai isa ba, wurin aiki mara daɗi da shugaba mai wulaƙanci suna kashe zuciya, amma gyara su ƙorafi kawai yake kawarwa. Son aiki daga wani wuri yake fitowa: a ga ƙoƙarinka, a ba ka amana, ka ga kana gaba. To a shago, fara da ɓangaren farko. Kuɗin mako a kan kari, abincin rana, randar ruwan sanyi, fitilar da ba ta kashe ido. Wanda kuma ya ɗauki ma'aikaci da albashin wata ya sani cewa a watan Maris na 2023 gwamnatin Kamaru ta kai mafi ƙarancin albashi sefa 45,000 a harkar noma, sefa 60,000 a sauran sana'o'i masu zaman kansu. Tukuici a bisa albashi yake hawa, ba a cike giɓin albashi da shi.

Mataki na biyu: zaɓi abin da za ka ɗora tukuicin a kai

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan na faɗi.

A 1902 Turawan Faransa da ke mulkin birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam suka rasa yadda za su yi da ɓeraye, sai suka sa kuɗi a kan kowace wutsiya da aka kawo. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa. Ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari: mutane na yanke wutsiyar su saki ɓeran ya je ya hayayyafa. Har masu kiwon ɓera aka samu a bayan gari. Ba wanda ya karya doka, wutsiya aka ce, wutsiya aka kawo.

Saboda haka kafin ka furta komai, zauna kai kaɗai ka sa kanka a rigar yaron, ka tambayi kanka: in ni ne, wace hanya ce mafi sauƙi ta cin kuɗin nan? In hanyar da ta fi sauƙi ita ce aikin da kake so, ka dace. In kuwa akwai ɓarauniyar hanya, ka tabbata za a bi ta, ba don yaran mugaye ne ba, don ruwa ma gangare yake bi.

Duba yadda abin yake a kusa da mu. Mai babur da ya yanka wa ɗan acaɓa kuɗin da zai kawo kullum, sauran nasa, zai sami kuɗinsa cif, amma ba ruwan yaron da baƙin mai ko ramin hanya, don injin ba nasa ba ne. Ranar da aka ce masa in ya cika biya na watanni kaza babur ya zama nasa, ranar zai fara wanke shi. Manomin masakwa, dawar rani da ake dasawa, a karkarar Marwa da ya ba da jingar dashe a kan faɗin fili, in bai tsaya a kai ba, zai tarar an ware ramuka don a gama da wuri, wasu ma ba a zuba musu ruwan kirki ba. Maganinsa a biya kaso mafi yawa ranar dashe, a riƙe ƙarin sai dashen ya kama. Kamfanin auduga na Sodecoton, mai hedkwata a nan Garwa, ba nauyi kaɗai yake dubawa ba, yana raba auduga daraja-daraja, kowace da farashinta. Da kilo kaɗai ake biya, wa zai tsaya tsince datti?

Kada wannan ya sa ka tsorata da biyan kai-kai, wato biya a kan kowane abu da aka gama, yana aiki ƙwarai in an ɗaure shi. Kamfanin Safelite na Amurka, mai sa gilashin mota, ya koma biyan ma'aikata a kan kowane gilashi a tsakanin 1994 da 1995. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya bi lissafin, ya ga matsakaicin aikin ma'aikaci ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikata ne da suka ƙara himma, sauran kuwa daga zuwan masu zafin nama da tafiyar masu sanyin jiki. Amma kamfanin ya bar wa kowa wani albashi da ba zai gaza shi ba, aikin da ya lalace kuma sakewa ake yi ba sabon biya.

Ga yadda na ɗaure nawa. Kowane tela yana da launin zarensa, yana yin ɗan tsaki da shi a cikin kalmasar wuya, inda mai riga ba zai gani ba. Wannan ja, wancan kore, wancan shuɗi. Ina da littafi mai layi huɗu: ranar da aka gama, launin zare, ranar da mai kaya ya karɓa, sai layin ƙarshe na ko an dawo da shi. Tukuici ba ya hawa kan rigar da aka gama, sai wadda ta kwana bakwai a hannun mai ita ba ta dawo ba. Wadda ta dawo, mai zaren ne zai gyara, kuma ta fita daga lissafin tukuici. Kuɗin ɗinkinsa na asali kam ba na taɓawa.

Kada ka auna abu fiye da biyu. Yawa da kyau sun isa. Na taɓa ƙara zuwa da wuri da tsaftar wuri da iya magana da masu kaya, lissafin ya rikice har ni kaina sai na ɗauko alƙalami. Abin da yaro ba zai iya lissafawa da ka ba yana kan keke, ba zai motsa shi ba.

Mataki na uku: faɗa tun kafin a fara, a gaban kowa, da adadi

Cutar iyayen gida a ƙasar nan ita ce "ku dai yi, ba za ku yi kuka ba." Yaro ya ji haka sai ya ƙiyasta jaka goma, wato sefa 10,000, kai kuwa jaka biyu ce a ranka. Ranar biya kai kana jiran godiya, shi yana haɗiye takaici. Malaman fiƙihu sun daɗe da rufe wannan ƙofa. A babin ji'ala, wato sa lada a kan cimma wani abu, sharaɗi ne ladan ya zama sananne. Daga cikin hujjojinsu akwai aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi shelar cewa wanda ya kawo ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. An faɗi aikin, an faɗi ladan, an kuma sami wanda ya lamunce.

Tara su duka, har ɗan aike. Faɗi abin da za a auna, nawa ne, ranar biya, da wanda ke riƙe da littafi. Sa ɗaya daga cikinsu ya maimaita da bakinsa. Rubuta a kwali ka manna kusa da madubi, da boko ko da ajami, duk wanda suka fi karantawa. Sannan ka ce na gwaji ne, wata biyu, bayan nan a zauna a duba. Wannan jimla guda za ta cece ka daga baya, don janye abin da aka saba ya fi ƙin bayarwa tun farko zafi.

Mizanin kuma ya zama wanda hannu zai kai. Buɗe littafin watan jiya ka ga abin da matsakaicin tela ke yi a mako, ka ɗora kaɗan a kai. Kuma ka guji "wanda ya fi kowa shi zai ci." Gwanin shagon ne zai riƙa cinyewa kowane mako, sauran biyar su saduda tun ranar Litinin, shi kuma ya daina nuna wa na ƙasa yadda ake fitar da wuya, don me zai koya wa abokin takara? Sa layi, duk wanda ya tsallaka ya samu.

Mataki na huɗu: yi lissafi, kada ka yi alkawari da zafin kai

A ce kana karɓar sefa 5,000 a riga da wando, tela yana da 1,500 a kowane, kuma ya saba yin goma a mako. Ka ce daga na goma sha ɗaya zuwa sama akwai ƙarin 500 a kowane da bai dawo ba. In ya yi goma sha huɗu, ƙarinsa jaka biyu. Kai kuma kaya huɗun nan sun shigo maka da jaka ashirin, ka fitar da shida na ɗinki da biyu na tukuici, saura goma sha biyu kafin zare da wuta, alhali hayar shago ba ta ƙaru ba. Tukuicin ya biya kansa. In lissafinka bai nuna haka ba, sake shi tun kafin ka buɗe baki, don alkawari kaya ne.

Iyaka biyu. Kada ya yi ƙanƙantar da za a ji kamar raini: a miƙa wa magidanci dala goma a ce ladan ƙoƙarin mako, gara a bar shi da "sannu da aiki." Kada kuma ya yi girman da zai rinjayi kuɗin asali, har tuwon gidan mutum ya rataya a kansa. Mai tsoron kwana da yunwa ba ya ɗinki mai kyau, kuma shi ne ke fara ɓoye kuskure.

Mataki na biyar: biya a ranar da ka faɗa

Ni Alhamis da yamma nake biya, don kowa ya wayi gari Juma'a da abin cefane. Ina buɗe littafi a kan tebur, kowa ya ga layinsa. In ta Orange Money ko MTN Mobile Money ka tura, ɗora kuɗin cirewa a kai. Ranar da kasuwa ta ƙi, faɗa musu da safe ka sa wata rana, kada ka sulale ta ƙofar baya.

Mataki na shida: duba waɗanda littafi ba ya gani

Watan farko da sabon tsarin, yaron da ke guga da sa maɓalli ya fara zuwa a makare. Na kira shi gefe. Ya daɗe yana murza gefen rigarsa kafin ya ce, "Maigida, duk rigar da suka ci kuɗi a kanta ta hannuna ta bi." Gaskiyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Telolin sun ƙara sauri, aikinsa ya ƙaru, aljihunsa bai sani ba.

Mutum ba abin hannunsa kaɗai yake kallo ba, yana leƙen na maƙwabci. Ko dabba haka take. A 2003 Sarah Brosnan da Frans de Waal sun ba da rahoton gwajin da suka yi da wasu ƙananan birai: biri ya miƙa tsakuwa a ba shi yankan kokwamba, ya karɓa lafiya lau. Da ya ga an ba na kusa da shi inabi a kan aiki iri ɗaya, sai ya fara ƙin karɓa, wani ma ya yi jifa da kokwambar.

Yanzu kashi ɗaya cikin huɗu na duk tukuicin mako yana shiga asusun gayya, a raba wa mai guga, mai yanka da ɗan aike. Telolin sun yi gunaguni kwana biyu, suka daina da suka ga kaya na fita da wuri. In kuma akwai ɗan yayarka ko ƙanin matarka a shagon, littafi ɗaya zai hau da kowa. Ranar da ka ɗaga masa ƙafa, ranar tsarin ya mutu, ko da ba wanda ya ce uffan.

Mataki na bakwai: san abin da ba a sa wa farashi

A nan Kamaru kalmar Faransanci ta motibasiyon har ta koma nufin ɗan abin da ake cusa wa mutum a hannu kafin ya motsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ake ƙarewa in komai sai da kuɗi.

A 1971 Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa 'yan katakai mai daɗin yi. Wasu ya biya su dalar Amurka ɗaya a kan kowane da suka warware, daga baya ya ce kuɗi sun ƙare. Da aka bar su su kaɗai a ɗaki, waɗanda aka taɓa biya sun rage taɓa wasan. Yabon baki bai yi wannan ɓarna ba. A 1973 Mark Lepper da abokansa suka gwada da yara 'yan rainon makaranta masu son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana sun rage zane bayan haka, waɗanda aka ba ba zato kuwa ba su rage ba.

Fassararsa a shago: telan da ke zama bayan an tashi yana gyara surfani don ba ya son a ga aibi a aikinsa, kada ka ce masa kowane gyara dala ashirin. Ka mai da abin alfaharinsa ƙwadago, ranar da ba ka biya ba kuma ya daina. Irin wannan, kira shi gaban mai kaya ka ce, "Alhaji, ga wanda ya yi maka wuyan nan." Ba shi shaddar da ta fi tsada ya yanka. Wata rana, ba shiri, ka miƙa masa sabon almakashi. Yabon kuma ya zama mai suna. "Ka yi ƙoƙari" iska ce. "Yadda ka haɗa zanen aljihun nan da na jikin riga, ba kowa zai iya ba," wannan yana kwana da mutum.

Kakanninmu sun riga masana. A gayya ba a biyan kowa sisi, amma makaɗi na bin bayan manoma yana kiran sunan saurayi da na ubansa, sai ka ga ƙura ta tashi. A birnin Lusaka na Zambiya an gwada abu mai kama da haka da masu aski da masu gyaran gashi da aka ba su kwaroron roba su sayar don yaƙi da ƙanjamau. Wasu aka ba su la'ada, wasu aka manna musu allo a bango ana liƙa tauraro a kan kowane ciniki. Masu tauraro sun sayar da ninkin abin da sauran suka sayar.

Tara ma farashi ce, ta bayan fage. A birnin Haifa na Isra'ila an sa wa iyaye tarar shekel 10 in suka makara ɗaukar 'ya'yansu daga gidajen raino, sai makarar ta ƙaru, da aka cire tarar kuma ba ta koma yadda take ba. Da kunya ce ke sa su sauri, tara ta zo ta sayi kunyar. Balle ma dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta hana maigida cin ma'aikaci tara. Mai makara, zauna da shi ka ji dalili, in ya ƙi gyaruwa ka yi masa gargaɗi, amma kada ka sa wa makara kuɗi.

Goron salla kuwa bar shi a goron salla. Kowa ya samu, kada ka haɗa shi da littafi.

Mataki na takwas: ajiye wani abu a nesa

Tukuicin mako yana sa a yi sauri, amma ba ya hana gwani tafiya. A manyan ma'aikatu akwai lambar girma ta aiki, ta azurfa bayan shekara 10, ta zinariya bayan 25. Mu a kasuwa abin da muke da shi ya fi lamba: yaye. Yaro ya san cewa in ya yi shekarun da aka yanka, zai fita da keke da albarkar maigida da masu kaya biyu-uku da za a tura masa. Faɗi shekarun tun ranar da ubansa ya kawo shi, a gaban shaidu. Babban tela kuma da ba ka son rabuwa da shi, akwai hanyar ƙiradi: jari naka, aiki nasa, riba a raba bisa kason da aka amince tun farko, rabi ko sulusi.

Idan wata biyun gwaji suka cika, zauna da littafi ka duba abu uku: kaya nawa suka fita, nawa suka dawo, wa ya daina gaisawa da wa. Sannan ka tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, inda tsarin ke cizonsu. A irin wannan zama ne telan da zarensa ja ne ya nuna mini cewa babbar riga mai aiki tana cin kwana uku amma a littafi ɗaya take da yadin yaro, shi ya sa kowa ke zille mata. Washegari na ƙara layi na biyar: babbar riga a bakin uku, kaftani a bakin ɗaya, kayan yara biyu a bakin ɗaya.